Gashin da Na Ciro a Tsagar Bango

A garinmu ruwan da muke noman rani da shi launi gare shi, kuma launin ba ya zama ɗaya. Yau ya zo baƙi, gobe ja-ja, jibi shuɗi kamar an ɗauraye rini. Daga bayan kamfanonin fata na Challawa yake gangarowa ta wata babbar magudana, ya bi gefen lambunanmu kafin ya faɗa kogi. Mu da aka haifa a bakinsa ba ma jin warinsa sai mun yi kwana biyu a wani gari mun dawo. Baba yakan ce ruwan da takinsa yake zuwa, kuma duk wanda ya ga alayyafonsa ba zai yi masa musu ba. Ganye fato-fato, kore shar, 'yan sari suna rububi tun ana yanka.

A shekarar da nake ba da labari ina gida, aurena ya mutu na dawo da 'ya ɗaya. Gidan namu ba yawa: Baba, Inna, yayana da ke aiki a wani kamfani a Sharada, matarsa, sai ni da yarinyar. Ita 'yar fari ce, tun da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, ubanta kuma bai ja ba. A ɗakin Inna take kwana, Inna ke yi mata wanka, ita ke yi mata kitso, suna tsokanar juna Inna tana ce mata ƙawata. Da hantsi ta bi Baba lambu, ta yi ta tsalle a cikin ruwan fangalin alayyafo har a tashi. Ni ko sunanta ba na kamawa, sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan", kuma ba na ɗora ta a cinya a gaban mutane. Haka na taso na gani, haka Inna ta yi wa yayana, duk bokon da nake taƙama da shi bai raba ni da wannan kunyar ba.

Masu binciken sun zo da rani, daga wata jami'a, cikin farar mota mai buɗaɗɗen baya. Suka ɗebi ruwan magudana a kwalabe, suka ɗebi na rijiyoyi, suka haƙi ƙasar lambu, suka sayi alayyafo da latas suka zuba a leda suna manna takarda. Da farko dariya aka yi musu, wai ga mutanen da suka yi karatu har suka ƙare a kwasar ruwan kwata. Daga baya dariyar ta ɗauke, don wani ya ce so suke a toshe ruwan, kuma kowa ya san in aka toshe shi rani ya zama zaman banza. Sai da mai unguwa ya tara mutane a ƙofar masallaci, shugabar masu binciken ta yi bayani. Likita ce, gajeruwa, mai tabarau, ba ta da yawan murmushi, kowa Dakta yake ce mata. Ta ce ba su da ikon toshe komai. So suke su gane ko kemikal ɗin da ake jimar fata da shi yana shiga ƙasa, daga ƙasa ya shiga ganye, daga nan ya shiga jikin mutum. Don haka, in an yarda, za su ɗan yanki gashin manya su auna.

Maza ba su ba da wahala sosai ba, tunda mai unguwa ya fara miƙa kansa a gaban wanzami. Mata ne aikin. Namiji ba ya shiga gidan matan aure, ita kuma Dakta baƙuwa ce, sai aka nemi 'yar gari wadda ta iya rubutu. Ni aka nuna. Aka ba ni almakashi, da ambulan, da takardun yarda, da tawadar dangwale. Dakta ta koya mini da hannunta: a ƙeya, dab da fatar kai, ɗan kaɗan ya isa. Ta ce ba na mataji ba, ba wanda ya zube ba, sai wanda na yanka da kaina, kuma sai mai shi ta ji bayani ta dangwala yatsa. Sau uku ta maimaita, sau uku na gyaɗa kai, ina jin kaina a sama.

Ban yi gida biyar ba na gane abin da na ɗauko. A wurinmu mace ba ta wasa da gashinta. Kowa yana da labarin wata da aka kai gashinta wurin boka, ta tashi tana surutai ko ta bar gidan miji ba dalili. Shi ya sa in an gama tsifa mace takan tattara abin da ya zube, ta murza shi ya dunƙule, ta cusa a tsagar bango ko ta tona ta binne. Sai ga ni da almakashi ina sallama, wai a ba ni gashi a rubuta lamba a kai wa baƙi. Wata tsohuwa ta ce in ina so ta kwance mini zaninta, amma kanta a'a. Wata ta ce ashe 'yar gidan masu alayyafo aiken bokaye ta koma. Ni kuwa ba haƙuri, na dinga zazzaga musu cewa jahilci ne ke damunsu, ana so a taimake su suna gudu. Yau in na tuna bakin da na yi wa sa'o'in uwata, kunya nake ji.

A hankali dai na samu wasu, yawanci matasa da waɗanda mazansu suka riga suka bayar. Ran nan muna cikin mota Dakta tana duba takardu, ta ce ta ga nawa, ta ga na Baba da na yayana, ba ta ga na sauran matan gidanmu ba. Ba da gatse ta faɗa ba, amma ni sai na ji kamar ta ce yaya zan shawo kan gari ban shawo kan gidanmu ba. Na ce mata gobe.

Matar yayana ta ce mijinta bai ba ta izini ba, ta shige ɗaki. Inna kuwa ko ɗagowa ba ta yi daga tsintar shinkafa ba.

"Kaina ba lambun ubanki ba ne da za a zo a yanki samfur," ta ce. "Ki je can ki yi aikinki."

Washegari aka yi suna a maƙwabta, duk suka fita. Na zagaya bayan ɗakin Inna inda bangon ya tsattsage. Tsagogin da yawa, kowace da gashi a ciki, ni ban taɓa kula da wace ce ta wa ba, don nawa duk inda hannuna ya kai nake cusawa. Yawancinsu sun yi ƙura da yana. Ɗaya ce a ƙasan taga aka toshe bakinta da tsumma, na zare tsumman na ga na ciki ya fi tsabta, na ciro dunƙule ɗaya. Na lura babu furfura a jiki, na ce a raina ai masu aunawa ba su san Inna ba. Na warware shi, na daddatse da almakashi ya yi kama da yankakke, na sa a ambulan na rubuta lambar Inna. Takardar yarda kuwa babban yatsana na dangwala. Da na miƙa, Dakta ta karɓa ta ce sannu da ƙoƙari, shi ke nan na manta.

Aikin ya yi musu, suka ci gaba da ɗaukata zuwa wasu ƙauyuka har wajen Zawaciki. Da na idar da sallar asuba nake fita bakin titi jiran mota, ba na dawowa sai la'asar sakaliya. Haka rani ya wuce, ruwa ya sauka, gero ya yi kai.

Wata ranar Talata, mun dawo daga aiki, Dakta ta ce in tsaya kowa ya sauka. Ta ce sakamako ya fara fitowa. Akwai mutane kaɗan da abin ya yi yawa a gashinsu, za a bi su ɗaya bayan ɗaya, amma wanda ya fi kowa nisa, da tazara mai yawa, lambar mahaifiyata ce. Ta ce kada in firgita, gashi ba ya yanke hukunci, sai an ɗebi jini da fitsari an duba ƙoda, don irin wannan kemikal ita yake yi wa ɓarna kuma a ɓoye yake yi. Ta ce in kawo ta asibiti cikin makon, ba za a karɓi komai ba. Ta dafa hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na sauka daga motar. Tsoro iri biyu ne ya kama ni lokaci ɗaya. Na farko, asirina zai tonu. Na biyu ya fi shi muni: akwai wata a gidanmu da guba ke cin jikinta, kuma duk duniya ba wanda ya san wace ce, har ni da na ɗauko gashin.

Kwana takwas na yi ban faɗa wa kowa ba. Na koma mai leƙen mutanen gidanmu. Matar yayana tana da ciki wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura, kuma ita ce ke wanke alayyafo a ɗaure kafin 'yan sari su zo. In ta tashi tana dafa ƙugu sai in ce shi ke nan ita ce, rai biyu na ɗauka a wuyana. In Inna ta ce bayanta na ciwo sai in tuna ai ƙeyarta da sauran baƙin gashi. In na shiga banɗaki sai in tsaya ina duba fitsarina, duk da na san nawa ambulan an auna ba a kira ni ba. Yarinyar kuwa in ta gifta da gudu sai in kawar da kai. Na gaya wa kaina yara ba sa cikin binciken, kamar wannan zai hana ruwa shiga jikinsu. Abinci ya daina wuce mini. Miyar alayyafon da na ci tun ina rarrafe, in aka zuba sai in ga kamar launin magudana ne a kwanon. Inna ta tambaye ni ko wani ne ya fito nake ɓoyewa, na ce gajiya ce.

Dakta ta kira ni a waya sau biyu tana tambayar yaushe za mu zo. A nan Shaiɗan ya kawo mini shawara mai sauƙi. In ce wa Inna ana gwajin hawan jini kyauta, in kai ta, a ɗebi jininta. In aka ga lafiyarta ƙalau za a ce gashin ne ya yi ƙarya, a rufe maganar, aikina yana nan, mutuncina yana nan. Har na fara yi wa Inna shimfiɗar zancen, ta ce to, in Allah ya kai mu Alhamis. Sai da ta amsa sannan na ga abin da nake shirin yi. Za a wanke wadda ba ta da komai, mai ciwon kuma ta ci gaba da zama a tsakar gidanmu, ba mai sake nemanta. Na tsani kaina a ranar fiye da yadda na taɓa tsanar wani.

Ranar Laraba na sami Dakta a ofishinsu na faɗa mata komai, ban rage ba, har yatsan. Ta cire tabarau ta ajiye. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Da ta buɗe baki sai ta tambaye ni ambulan nawa na yi wa haka, na rantse ɗaya ne. Ta ce za ta cire shi daga binciken, kuma dole ta sake bin duk waɗanda na karɓo, aikin wata da watanni. Ta ce gashin da ya zauna a bango ba abin dogaro ba ne, tunda da ƙasar wurin da ruwan wurin aka yi ginin, yana iya yiwuwa daga bangon ya kwasa. Har na fara sauke numfashi.

"Yana iya yiwuwa kuma ba daga bangon ba ne," ta ce. "Ni ba zan kwana da wannan a raina ba. Duk macen da ke gidanku ki kawo mini ita gobe. In ba za ki iya faɗa musu ba, ni zan zo in faɗa."

Na ce zan iya. Maganar aikina ba ta taso ba, ni ma ban tambaya ba.

Na isa gida bayan la'asar. Baba bai dawo daga gona ba, yarinyar tana wurinsa, matar yayana ta kwanta. Inna tana bakin murhu tana fere kabewa. Na durƙusa nesa da ita kaɗan, yadda in ta kai hannu ba za ta same ni ba, na fara. Na faɗi ranar suna, na faɗi ambulan, na faɗi yatsa. Ta ajiye wuƙar. Ta ce ashe ɓarauniya ta haifa ba ta sani ba, ta ce gashin mutane na ɗauka na kai wa waɗanda ko sunan kakansu ban sani ba, ta ce in wani abu ya sami wani a gidan nan in kuka da kaina. Na bar ta ta gama, don duk abin da ta faɗa na ci. Sannan na gaya mata sauran: an auna, an ga abin ya yi yawa, kuma ban san ko na wa na ɗauka ba.

Ta ce in tashi in nuna mata wurin.

Muka zagaya bayan ɗakin. Damina ta jiƙa bangon, wasu tsagogin sun ƙara buɗewa. Na nuna ta ƙasan taga. Tsumman yana nan, sabo ma aka sa.

"Wannan?" ta ce.

Na ce ita.

"Ki duba da kyau. Ba ta sama ba?"

Na ce wannan ce, mai tsumma, don ta fi tsabta na zaɓe ta.

Inna ta dafa bango ta zauna a ƙasa, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ita da ko tabarma sai ta kaɗe sau biyu. Ta ce wannan ba ta kowa ba ce. Tun kitson farko da ta yi wa ƙawarta take ajiye mata nata daban, ta toshe, don kada ya haɗu da na manya. Ba gashin da ya taɓa shiga tsagar nan sai na yarinyar.

Ban san na yi ƙara ba sai da matar yayana ta fito da gudu. Abin da na fi tunawa shi ne muryar yarinyar daga zaure, sun dawo ita da Baba, tana rera wata waƙar 'yan makaranta, ƙafafunta duk taɓo har gwiwa. Na tashi na ɗauke ta a gaban kowa, a gaban Baba, na ƙanƙame ta. Ta yi ta mutsu-mutsu tana kallon Inna, don ba ta saba ba. Baba ya ji bayani a tsaye. Ya juya ya daɗe yana wanke hannu a bakin rijiya.

Da safe Inna ta riga kowa shiryawa. Ita ta goya yarinyar har bakin titi, shekara huɗu da nauyinta, ta hana ni karɓa. Mu huɗu muka shiga mota. A asibiti aka ɗebi jinin kowa, Inna ta miƙa hannu ba gardama. Da aka zo kan gashin yarinyar ta ce ba mai taɓa kan sai ita. Dakta ta miƙa mata almakashin ta nuna mata wurin, Inna ta yi bisimilla ta yanka a ƙeya, dab da fata, daidai yadda aka koya mini ban yi ba. Ta ce in an gama aunawa a dawo mata da ragowar. Dakta ta ce, "In sha Allahu, Mama, da hannuna zan kawo muku."

Daga nan aka shigar da mu wurin likitan yara, wani dattijo mai sanyin murya. Ya duba takardar fitsarin da aka kawo masa, ya sake dubawa. Ya ɗora yarinyar a gado, ya ja fatar idonta, ya danna ƙaurinta da yatsa ya ɗaga, na ga wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Ya tambayi wace ce uwar, na ce ni ce. Ya ce za su riƙe ta su ƙara bincike, kuma gara da aka zo yanzu. Sannan ya dube ni ya ce tun yaushe fuskarta take kumbura in ta tashi daga barci.

Na san adadin matan da ke kowane gida daga garinmu har Zawaciki, na san mai tari da mai ƙaiƙayi, duk na rubuta. Fuskar 'yata da safe ce ban sani ba, don kafin ta tashi na fita, in ma ina nan ba na tsayawa in kalle ta.

"Tun ruwan farko," Inna ta ce daga bayana. "Da hantsi sai ta saɓe. Na ɗauka sanyin damina ne, ina ta ba ta jiƙo."

Likitan ya rubuta. Ya sake ɗagowa ya tambaye ni sunan yarinyar, na faɗa a gaban Inna, da ƙarfi, har sau biyu.